Daga Paris zuwa Jiratawa: Rayuwar Masu Ja da Hukuma

Duk wanda ya san tarihin kwarin Gulbin Maraɗi ya san cewa ƙin sunkuyawa ba baƙon abu ba ne a nan. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato su ne suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Amma wannan turjiya ta sarakuna ce da wasu sarakuna. Turjiyar talaka da ita kanta hukuma daga baya ta zo, kuma ɗaya daga cikin saiwoyinta a Faransa yake.

A ƙarshen ƙarni na 19 an yi wasu mutane a Turai da ake kira anarshis, masu ganin al'umma na iya tafiyar da kanta ba sarki, ba gwamnati, ba ubangida. Rayuwarsu ba ta hutu ba ce. Louise Michel, malamar lakwal, ta yi yaƙi a boren Paris na 1871, aka kai ta zaman ɗauri a tsibirin Sabuwar Kaledoniya a 1873. Da ƴan ƙasar, wato Kanak, suka yi wa Faransa tawaye a 1878, ta goyi bayansu, alhali da yawa daga abokan ɗaurinta sun tsaya tare da masu mulkin mallaka. Ta rasu a Marseille a 1905, bayan ta sha shiga kaso. Fernand Pelloutier kuwa ya ƙarar da ƙarfinsa wajen haɗa zaurukan ma'aikata, inda leburori ke neman aiki, suna karatu, suna taimakon juna. Tarin fuka ya kashe shi a 1901, yana da shekara 33, cikin talauci.

Tunanin irin waɗannan mutane ya yi tasiri a kan babbar ƙungiyar ƙwadagon Faransa, CGT, wadda aka kafa a 1895. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙungiyar ta koma hannun ƴan kwaminis, kuma da wannan kama ta iso Afirka ta Yamma. Duk da haka ta zo da tsohuwar dabararta: a tara masu aikin hannu, a koya masu cewa ƙarfinsu na cikin haɗin kansu.

Jibo Bakari, wanda aka haifa a Sudure kusa da Yamai a 1922, shi ya ɗauki wannan dabara a Nijar. Malamin lakwal ne da ya bar alli ya shiga aikin ƙwadago. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, kalmar da NEPU ta Malam Aminu Kano ta riga ta mayar kirarin talakawa a tsallaken iyaka. Alamarta raƙumi, ta abokiyar hamayyarta RDA kuma giwa.

Maraɗi ta zame wa raƙumi makiyaya. Cinikin gujiya ya cika garin da direbobi, yaran mota, ƴan dako, ƴan kamasho, teloli da masu tebur, mutanen da suka baro gona, suka fita daga idon hakimi da dagaci, amma ba su samu gurbi a ofishin Nasara ba. Su ne suka yi ta kai saƙon jam'iyya kasuwa kasuwa, daga Tsibiri har Tasawa. Matan da ke zaman kansu su ma sun buɗe gidajensu don taro.

Sai dai a nan hanya ta rabu. Ƴan Sawaba ba su ƙi hukuma baki ɗaya ba. So suke su karɓe ta, su juya ta ga talaka. Sun kuwa karɓa, domin a 1957 Jibo Bakari ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko. Abin bai daɗe ba. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 ya nemi a ce wa De Gaulle a'a. Faransa ta turo gwamna Colombani, manyan sarakuna suka juya masa baya, aka ba da sanarwar cewa kimanin kashi 78 cikin ɗari sun ce i, ko da yake yawancin masu rajista ba su fita ba. Jori Hamani ya hau mulki a Disamba, aka haramta Sawaba a Oktoban 1959.

Daga nan rayuwar ƴan jam'iyyar ta koma irin ta Louise Michel: kaso, gudun hijira da ɓuya. Shugabanni suka watsu a Bamako da Accra, Kano ta zama mafaka ga ƙanana. An tura samari koyon yaƙi a Sin, Biyetnam ta Arewa, Aljeriya da Ghana. Waɗanda suka zauna gida kuwa suka sha matsin jandarma da ƴan bangar jam'iyya mai mulki.

A 1964 wani taron siyasa a Jiratawa ya rikiɗe ya zama hatsaniya. Aka kama mutanen garin, aka cusa su a wani ƙaramin ɗakin kaso a Maraɗi, kimanin ashirin suka mutu saboda rashin iska. Waɗannan talakawan ƙauye ne, ba masu rubuta aƙida ba. Cikin damina da kakar wannan shekara mayaƙan Sawaba suka kutso ta iyakoki da dama, suna zaton ƙasa za ta tashi tare da su. Ba ta tashi ba. An kashe Ɗanduna Abubakar kusa da Birnin Ƙonni, aka baje gawarsa a Yamai, aka kuma harbe mutum huɗu a bainar jama'a a watan Oktoba. A Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa wa Jori gurneti a filin idi, bai same shi ba, kamun jama'a kuma ya ƙaru.

Ko juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 bai kawo sawabar da ake jira ba. Jibo Bakari ya dawo gida, aka sake ɗaure shi a 1975, ya rasu a Yamai a 1998. Abdulaye Mamani, ɗan majalisar Sawaba da ya yi hijira a Aljeriya, shi ma ya ɗanɗani kaso, sannan ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Masanin tarihi Klaas van Walraven ya bi tsofaffin ƴan jam'iyyar gari gari, ya tattara labarinsu a littafin da ya fito a 2013.

Pelloutier da abokansa sun yi gargaɗin cewa hukuma kan canja wanda ya riƙe ta fiye da yadda shi zai canja ta. Ƴan Sawaba ba su yi mulki mai tsawon da za a gwada wannan magana a kansu ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne, ɗakin da ya cinye mutanen Jiratawa ba Nasara ne ya kulle shi ba. Shekara huɗu ke nan da tutar Nijar ke kaɗawa a Maraɗi.