Maniyyin Alade da Shekarun da Ya Yi Yana Gagarar Masana

Batun wannan mako zai sa wasunmu yamutsa fuska, tunda yawancinmu ba ma kusantar alade. Mun ɗauko shi ne don mu gwada ko Hausarmu za ta iya ɗaukar tarihin kimiyya.

A 1949, a Mill Hill da ke Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano cewa gilisarin yana kare maniyyi daga mutuwa idan an daskare shi. Da na zakara suka fara, kuma kuskure ne ya kai su: kwalbar da suka ɗauka ruwan sukari ce, ashe gilisarin ke ciki. Cikin 'yan shekaru aka haifi maraƙi da maniyyin bijimi da ya sha ƙanƙara.

Na alade kuwa ya ƙi. Fatar ƙwayoyinsa ba ta jure sanyi. Da zarar an sauko ƙasa da digiri 15, sai su fara lalacewa tun ba a kai ga daskarewa ba. Gilisarin ɗin da ya ceci na bijimi, in ya yi yawa, guba ne gare shi. Ga kuma yawa: saniya ƙwayoyi miliyoyi ke isarta, macen alade sai biliyoyi.

Sai a 1970 Polge da Salamon da Ian Wilmut (wanda daga baya ya samar da tunkiya Dolly) suka samu ciki da daskararren maniyyi, amma sai da aka yi wa aladun tiyata. Wane makiyayi zai iya haka? A 1975 Pursel da Johnson na Beltsville a Amurka suka fito da hanyar daskare shi ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar magani, a ajiye cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili.

Abin da ya fi ba mu mamaki, ruwan da suka haɗa don narkarwa, BTS, ya fi hanyar tasu karɓuwa. Gonaki suka ɗauke shi suna ajiye ɗanyen maniyyi a digiri 17 na 'yan kwanaki, domin daskararren yana rage yawan 'ya'ya. Har yau kusan duk barbarar hannu ta aladu da ɗanye ake yi.

Daskararren ya zauna a rumbunan adana iri. Amfaninsa ya fito fili a 2018, da zazzaɓin aladu na Afirka ya shiga Sin, aka riƙa hallaka garke sukutum.