Yoyon Da Ba Yoyo Ba

Ƙaramin janareto ne, irin wanda mutum ke ɗauka da hannu guda. Ɗan kawuna ya zo da shi daga cin rani a Kano, aka girke shi a zaure a ƙauyenmu na ƙasar Deule, ana cajin waya ana samun na goro. Bai yi wata biyu ba sai ga wani baƙin abu mai kauri kamar kwalta yana ɗiga daga bututun hayaƙinsa, ya ɓata daɓe, ya yi wa bango zane. Kawu ya duƙa ya duba, ya ce, "Yaro, abin nan naka shina yoyo." Yaron ya ce salansa ce ta fashe. Da muka kai wa makanike a Buza, sai ya dangwali baƙin abin ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya ce, "Baba, eshafma lafiyarta lau. Wa ke yi muku melanji?"

Tun daga ranar nake bin sawun waɗannan kalmomi, domin na lura kowace ta tura mai ita neman ciwon a wani wuri dabam.

Mu 'yan Adar kowane ƙarfe na inji suna biyu gare shi. Kayan daga kasuwannin Illela, Sakkwato da Kano suke shigowa, da sunansu na Turancin Ingilishi a baki; masu gyaran kuwa a garejin Tawa ko Madawa suka koyi aiki, inda Faransanci ya riga ya yi kaka-gida. Saboda haka janareto shi ne guruf, fetur shi ne isansi, fulogi shi ne buji. Wannan buji ɗin ma tafiyayye ne. A Faransanci ma'anarsa ta fari kyandir, kuma sunan ya fito daga garin Bijaya na Aljeriya, wanda Faransawa ke kira Bougie, inda a da ake fitar da kakin zuma zuwa Turai. Ke nan manomin albasa da ke kankare bujinsa a fadamar Tarka sunan wani birnin bakin teku yake ambata bai sani ba.

Salansa da eshafma abu guda suke nufi, amma ba ta fuska guda suka kalle shi ba. Ta farko daga silencer ta zo, wato mai sa shiru. Kunne ne ya raɗa mata suna. Ta biyu daga échappement, wato ficewa ko kuɓucewa, kuma ita ce ta fi taimakon mai neman matsala. Wanda ya riƙe salansa tulun kashe ƙara yake gani, in ya ga baƙin mai a jikinta sai ya ce ta fashe, a kai ta walda. Mai cewa eshafma ya san ƙofa ce, abin da aka zuba ta gaba shi ke fitowa ta baya.

Kalmarmu ta gida ita ta fi rikitarwa. Bahaushe mai yake ce wa na gyaɗa da na shanu da manja, mai yake ce wa fetur, mai yake ce wa abin da ke sa ƙarfe santsi, har mai sayar da shi ma mai mai ne. In mutum ya ce injinsa na zubar da mai, sai ka tambaye shi wanne. Mun raba su da launi, muka ce baƙin mai, alhali sabonsa ruwan zuma ne, sai ya yi aiki yake baƙi. Sunan tsufansa muka ba shi tun yana cikin galan.

Sai yoyo. Tulu ke yoyo, guga ke yoyo, rufin ɗaki ke yoyo da damina. Dole a sami mazubi, a sami huda. To, injin kawu ba shi da mazubin baƙin mai ko kaɗan. Irin da ake kira mai bugu biyu ne, wanda ake rubuta 2T a jikin robar mansa, kuma harafin T ɗin ya yi daidai da temps na Faransanci. A irin wannan inji ana gauraya man santsi cikin fetur, su shiga tare, man ya shafi fistin da sauran ƙarafa a kan hanya, sannan ya ƙone tare da fetur ɗin. Wanda bai ƙone ba ya bi hayaƙi ya fita. In ya yi yawa sai ya taru a bututu, ya haɗu da kunkunniya, ya riƙa ɗiga. Da za a nemi kalmar da ta dace, amai ya fi kusa, ko tofi. Ciki ne ya ƙi abin da aka ɗura masa.

Irin wannan injin ne a cikin zarton yankan itace, da injin feshi na goyo, da na'urar nan ta hura ganye da Amurkawa ke share farfajiya da ita, wadda asalinta daga injinan feshin gona na Japan ne. Ƙararta da hayaƙinta suka sa birnin Washington ya hana amfani da irinta mai shan fetur tun daga Janairun 2022. Mu ba mu raɗa mata suna ba, don ba mu da abin yi da ita. Ganyen da ya faɗo a Deule akuya na jiransa, ragowar kuma aikin tsintsiya ne.

Da makaniken ya matsa, sai gaskiya ta fito. Kawu ne ke haɗa man. Ya yi zamani da mobilet, lokacin da ake zuwa gidan mai a ce a ba da melanji, wato haɗin fetur da mai, kashi huɗu cikin ɗari, kuma ya tashi da imanin cewa mai ba ya yi wa inji yawa. A jikin tankin janareton an rubuta 50:1. Nan ma harsunan biyu suka sake karo, wannan karon a lissafi. Masu Ingilishi suna faɗin fetur nawa ke hawa kan awo ɗaya na mai, masu Faransanci suna faɗin kashi cikin ɗari. Hamsin bisa ɗaya shi ne kashi 2, wato mililita 20 a lita guda. 25:1 shi ne kashi 4, mililita 40. A ɗaya lissafin in lamba ta ƙaru mai ya ragu, a ɗayan in ta ƙaru mai ya ƙaru. Kawu ya ga hamsin, ya ce lalle wannan inji mayunwacin mai ne, sai ya riƙa cika ƙaramin gwangwanin tumatir, mai giram 70 ɗin nan, ga kowace kwalbar lita da ya sayo wurin 'yan ruwa-ruwa. Ya ninka abin da ake so har uku. Kuma man da yake zubawa na babur ne, mai 4T a jiki, wanda aka yi don ya zauna a ƙasan inji yana zagayawa, ba don ya ƙone ba.

Akwai wata kalma da ta kusa sa su faɗa. Makaniken ya tambayi yaron ko yana mayar da sitata bayan inji ya tashi. Yaron ya ce igiya ce ai, da kanta take komawa. Ashe a Faransanci starter shi ne ɗan maƙunnin da ke toshe iska don inji mai sanyi ya tashi, wanda 'yan Najeriya ke kira cok. In aka bar shi a rufe fetur ya rinjayi iska, wuta ba ta cin komai sosai. Haka ma in ƙurar hunturu ta toshe soson iska, ko aka bar inji yana ta gunaguni ba kaya a kansa, bai yi zafin da zai ƙone man ba.

Gyaran bai ɗauki awa guda ba. An juye tsohon haɗin, an wanke soso, an kwance buji aka same shi baƙi jiƙe, alhali na lafiyayyen inji busasshe ne mai launin ƙasa-ƙasa. Bututun kuma aka cire aka gasa a wuta har daskararren ya zama toka aka kakkaɓe. Makaniken ya ja kunnen yaron kada tsoro ya sa shi rage man ƙasa da ƙa'ida, don nan ne inji ke bugawa, kuma wannan ba gyaran awa guda ba ne.

Kada dai mai injin ban ruwa ya ɗauki wannan bayani ya tafi da shi garka. Yawancin motofom ɗin da ke aiki a fadamun Madawa da Keita, irin su Honda da Robin da 'yan kwaikwayonsu na Sin, masu bugu huɗu ne, da mazubin baƙin mai nasu dabam. In mai ya fito ta bututunsu, ko an cika shi ya wuce layi lokacin bidanji, wato canjin mai, ko an kwantar da injin a amalanke, ko an girke shi a karkace cikin ramin da ake tonawa don a kusantar da shi ga ruwa, tunda tsotsonsa ba ya wuce mita bakwai zuwa takwas. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, ga shuɗin hayaƙi ba ya yankewa, to zoben fistin ya cinye, wanda wani zai ce ringi, wani ya ce sagima. A nan kam kalmar kawu tana da gaskiya, mai ne ke sulalewa daga inda aka ajiye shi.

Yanzu akwai sirinji ɗaure da zare a hannun janareton, an ja layi da jan biro a kan 20. Kawu ya sakar wa yaron haɗin, amma duk safiya sai ya duƙa ya shafa daɓen da yatsa. Rannan na ji shi yana gaya wa maƙwabci cewa makaniken Buza gwani ne, ya toshe yoyon sarai.