Ƙahon Wanzami da Amosanin Gaɓɓai a Kudancin Kano

Tun zamanin da ba a san kwalta ba a ƙasar Bebeji da Kiru, balle asibiti ko kantin magani, duk wanda ya wayi gari yatsunsa sun sandare, gwiwoyinsa sun kumbura har ruku'u da sujada suka zame masa jarrabawa, ba ya da wurin kai kuka sai gidan wanzami, domin a ilmin mutanen dā wannan cuta da ake kira amosani, ko sanyin ƙashi, sababinta sanyi ne da mataccen jini. Kuma lalle suna da hujja a zahiri, gama ƙasar Tudun Wada da Doguwa ta fi birnin Kano ruwan sama da raɓa, ga masu wankin kuza a duwatsun Riruwai suna yini tsaye cikin ruwa, ga kuma, daga baya, masunta da manoman rani da suka yawaita bayan an gama madatsar Tiga a 1974.

Wanzami yakan zo da zabirarsa da hantsi, ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Sannu Inna, nuna mini inda yake sukar ki." Sa'an nan ya kafa ƙaho a kan gwiwa, ya zuƙe iska, ya toshe bakin, in fata ta taso ya tsattsaga da aska, ya mayar da ƙahon, har ya juye baƙin jini a kasko, ita kuwa ta duba ta yi hamdala, ta ce cuta ta fita. Bayan haka sai a dafa saƙe-saƙi da ɓawon hano irin wanda maharba ke kawowa daga dajin Falgore, a shafe gaɓɓai da man kaɗanya. Malamai ba su kushe wannan sana'a ba, tun da yake ƙaho sunna ne, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai a kan ɗibbu.

Amma abin da ya ɓuya ga mutanen dā, a nan da Turai baki ɗaya, shi ne sharrin amosani bai tsaya ga gaɓa ba. A 1859 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya raɗa wa wani nau'in amosani suna na musamman, wato wanda ke kama yatsun hannu biyu tare, dama da hagu, ya lanƙwashe su, ya kuma fi addabar mata. Daga bisani aka fahimci cewa garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita, kumburin da take haddasawa kuwa yana bin jini, yana ɓata hanyoyinsa sannu a hankali, har binciken da aka tattara a 2008 ya nuna haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ga masu wannan lalura ya ɗara na sauran jama'a da kimanin kashi 50 cikin 100.

Ashe wanzami bai yi nisa da gaskiya ba da ya tuhumi jini, illa dai illar ta fi ƙarfin ƙaho. Magajinsa na yau kuwa, wato mai tallar ƙwayoyi ranar kasuwa, ya fi shi haɗari, domin magungunan kashe zafi irin Diclofenac, in aka dawwama a kansu, suna ta da hawan jini, su ƙara wa zuciya nauyi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in kana da dattijo wanda gaɓɓansa ke sandarewa kowace safiya, kai shi asibiti, ka kuma roƙi likita, bayan ya duba gwiwa, ya auna jininsa ya saurari ƙirjinsa.