Wa'adin Mako Biyu: Waiwaye kan Korar Baƙi

A ƙasar Gaya da Ajingi, dokar baƙo ta asali ba a rubuce take ba. Wanda ya sauka ƙauye irin Balan, falke ne ko ɗan cirani daga Damagaram, mai masaukinsa zai kai shi gaban mai unguwa ko dagaci, a ji daga ina ya fito da abin da ke tafe da shi. In ya yi ɓarna, mai masaukin ake nema. Turawan Ingila da Faransa ne suka shata iyaka tsakanin Kano da Damagaram, sannan dokar shige da fice ta 1963 ta ɗora maganar baƙo a hannun gwamnatin tarayya. Har gobe majalisar jiha ba ta da hurumin yin doka a kai, alhali a jiha ake kwana da baƙon.

Hausawa sun fara sanin irin wannan doka ne ta fuskar waɗanda ake kora. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. 'Yan zangon Kumasi, waɗanda kakanninsu suka je fataucin goro, suka tattaro komatsai zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba.

Shekara goma bayan haka ƙasashen ECOWAS suka amince a Dakar cewa ɗan yankin zai iya shiga ba biza ya zauna kwana 90. Tawada ba ta bushe ba aka ga inda dokar kora ke iya kaiwa. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno kuma jigon jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Bello Maitama Yusuf ne ministan cikin gida a lokacin. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar, Shugaba ya koma kujerarsa. To in zaɓaɓɓen ɗan majalisa sai da kotu ya tabbatar da asalinsa, ina ga mai tura kurar ruwa wanda ko takardar haihuwa ba shi da ita?

Kano ta ga ɗaya gefen. Muhammadu Marwa Maitatsine ɗan Kamaru ne, an taɓa korar sa a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya dawo ya kafa sansani a 'Yan Awaki. Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa takarda a Nuwamban 1980 cewa ya tashi, amma gwamna ba shi da ɗan sanda ko jami'in iyaka, duk na gwamnatin tarayya da ke Legas ne, jam'iyyarsa ta PRP da NPN mai mulkin tarayya kuwa ba sa ga maciji. Rikici ya ɓarke a Disamba, alƙaluman gwamnati suka ce mutum 4,177 sun mutu. Kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi, daga bisani aka taru aka jibga wa baƙi, duk da cewa yawancin waɗanda aka kama 'yan Najeriya ne.

Da kuɗin mai ya faɗi, zaɓe kuma ya ƙarato, sai ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya yi shela ranar 17 ga Janairun 1983: mako biyu, daidai wa'adin Busia. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana. Duniya ta kalli cunkoson iyakar Seme da tashar jirgin ruwan Apapa, har buhun Ghana Must Go ya samo suna. A Arewa aikin ya fi wuya, kuma a ganina ya fi zalunci, don ba harshe ko kama da za su raba Bakatsine da Bamaraɗe. Abin da ya rage shi ne ganin damar jami'in da ke kan shinge, da abin da ke aljihun wanda aka tsare.

Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, ta sake kora a 1985, daidai lokacin da fari ya cinye Nijar. Mutanen can sun raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufe iyakar a 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, aka kuma rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Janar Tiani a Nijar, kasuwar dabbobi ta Maigatari ta ji a jikinta.

Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta bar ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan Nijar har sai an ga abin da hali ya yi, don haka zaman ɗan ciranin da ke gadi ko ga-ruwa a Kano yanzu a kan wannan sanarwa ya dogara.