System Restore

System Restore wani ɓangare ne na babbar manhajar Windows ta kamfanin Microsoft, wanda ke mayar da tsarin kwamfuta yadda yake kafin ya samu matsala. Ya fara fitowa a Windows Me a shekarar 2000, sannan aka saka shi a Windows XP a 2001.

Yadda yake aiki

Windows kan adana kwafin fayilolin tsari, da rajista, da direbobin na'urori kamar yadda suke a wani lokaci. Wannan kwafi shi ne zangon komawa. Akan samar da shi kafin a saka sabon direba ko a sabunta Windows, kuma mai kwamfuta na iya yin nasa. Idan kwamfuta ta fara sandarewa ko nuna shuɗin allo bayan an saka wata manhaja, sai a zaɓi zangon da ya gabaci ranar. Ana buɗe shi da umarnin rstrui.exe, har daga Safe Mode idan Windows ta ƙi tashi daidai.

Iyakarsa

Mutane da yawa na ɗaukarsa ma'ajiyar fayiloli, alhali ba ya taɓa takardu ko hotunan mai kwamfuta, don haka ba da shi ake dawo da abin da aka goge ba. Manhajojin da aka saka bayan zangon kuwa cire su yake yi. Zangunan na zaune ne a faifan ajiyar kwamfutar, idan faifan ya lalace sun tafi tare da shi. A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 yakan zo a kashe, sai an kunna shi tun kafin matsala ta auku.