Kumburin Ƙafa Ɗaya: Yadda Likitoci Suka Koyi Gano Gudan Jini

A aikina na ungozoma, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne in ga mai jego da ƙafa ɗaya a kumbure, sha-raɓarta na ciwo, ɗaya ƙafar kuwa lafiya lau. Tsoron nan gado ne, domin likitoci sun daɗe suna lalube kafin su gane abin da ke ciki.

A ƙarni na 18 wasu likitocin Faransa, cikinsu har da Nicolas Puzos, sun ɗauka ruwan nono ne ke gangarowa ya taru a ƙafar mai jego. Sai a 1856 Rudolf Virchow, likita Bajamushe, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa jini kan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle, ya ratsa zuciya, ya toshe jijiyar huhu, mutum ya faɗi nan take.

An san cutar, amma ta yaya za a gane ta a jikin mai rai? A shekarun 1940 John Homans na birnin Boston ya bayyana wata dabara: a tanƙwara tafin ƙafa sama, idan sha-raɓa ta yi zafi a yi zargin gudan jini. Daga baya aka tabbatar dabarar tana yaudara ƙwarai. Wata mai gudan ba za ta ji komai ba, wata da ba ta da shi za ta yi ihu.

Hoto ne ya raba gardama. An fara da zuba rini a jijiya a ɗauki hoton ƙafa, sannan a shekarun 1980 sikanin ya karɓe aikin: a danna jijiya, idan ta ƙi lotsawa akwai gudan jini. A shekarun 1990 Philip Wells na Kanada ya tsara ma'aunin tambayoyi: an yi tiyata kwanan nan? An daɗe a kwance? Akwai ciwon daji? Kaurin sha-raɓa ya zarce na ɗayar da fiye da santimita 3?

Shi ya sa idan ƙafar mai jego ta kumbura na ji ana cewa "sanyi ne, a yi mata tausa", nakan roƙi dangi su dakata. Abin da hannun ƙwararrun likitoci ya kasa tantancewa, ido ba zai yanke masa hukunci a tsakar gida ba. A kai ta asibiti a ranar, musamman idan numfashinta ya soma sarƙewa.