Moto ko babbar mota: yadda aka koyi ƙirga hatsarin hanya

Iyayen Azagor da ƴaƴansu ke karatu a Dakoro ko Maradi sun san wannan tambaya: a ɗora yaro bisa moto, ko a jira motar ranar kasuwa? Yawancinmu da labarin hatsarin da muka ji na baya-bayan nan muke yanke hukunci. Ni ina ganin tarihin ƙidayar hatsari ya fi jita-jitar tasha amfani.

A 1949 wani masanin lissafi na Ingila, R. J. Smeed, ya tattara alƙaluman ƙasashe 20, akasari na shekarar 1938. Ya gano cewa inda motoci suka yawaita, rayukan da ake rasawa a kan kowace mota raguwa suke yi. Abin da malamin lissafi zai so ke nan: yawan gawa kaɗai ba ya nuna haɗari, sai an raba shi da wani abu. Daga baya aka ga rabawa da nisan tafiya ya fi gaskiya, tunda motar da ke kwana a gareji ba ɗaya take da ta haya ba. Da wannan awo ne hukumomin Amurka ke cewa, a tafiya mai nisa ɗaya, haɗarin mutuwar mai moto ya ninka na wanda ke cikin ƙaramar mota fiye da sau 20. Can fa kwalta ce, kuma da yawa na sa hular kwano.

Babbar mota lissafinta daban ne. Ranar 6 ga Mayu 2019 tankar mai ta kife ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum fiye da 55 suka rasu. A Oktoba 2024 aka sake ganin haka a Majiya ta jihar Jigawa, mamata suka haura 150. Akasarinsu ba fasinja ba ne, masu kwasar mai ne. Wato moto mahayinta take ci, babbar mota kuwa na waje take ci, kuma teburin da bai raba biyun ba yaudarar mai karatu zai yi.

Matsalarmu ta fi haka zurfi. Jandarma abin da aka kira su a kai suke rubutawa. Yaron da ya faɗi cikin rairayi a hanyar daji, aka kai shi wurin mai ɗori, bai shiga littafin kowa ba. Shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kan zarce alƙaluman gwamnatoci a ƙasashen Afirka da dama, kuma ina zaton moto ce ta fi ɓacewa a wannan giɓi.

Malamai na iya sa ɗaliban aji ɗaya su rubuta abin da suka hau a zango guda, da kilomita nawa, da wanda ya ji rauni. Rabawar ba ta fi ƙarfin ɗan kwaleji ba.